Gini Ba Ya Karɓar Haihuwa

Duk gwamnatin da ta zo da niyyar gyara harkar lafiya a Najeriya, abin da take fara nuna wa jama'a shi ne gini: sabon fenti, sabon kwano, allo mai ɗauke da sunan gwamna. Ba laifi ba ne. Amma matar da naƙuda ta kama da tsakar dare ba fenti take nema ba. Tambayarta ɗaya ce: wa zan tarar a ciki, kuma ya san aikin?

Tunanin kai lafiya ƙofar talaka ya samo tushe daga taron Alma-Ata na 1978. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki abin da gaske, ya ɗora asibitocin matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, aka kuma kafa hukumar bunƙasa kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992. Dabararsa ita ce a kusantar da iko ga masu amfani da asibitin. Sai dai ƙaramar hukuma ita ce mafi ƙarancin kuɗi da ƙwararru a matakan gwamnati uku, don haka aiki mafi nauyi ya faɗa hannun mafi rauni. Aka wayi gari albashi na fitowa daga wani ofis, magani daga wani, canjin wurin aiki daga wani daban. A 2011 aka amince da tsarin haɗa komai ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha, sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko.

To su wa ke riƙe da waɗannan asibitoci? Galibi ba likita ba ne, ko da mutanen ƙauye na kiransa likita. Malamin asibiti ne da ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya, wanda ake kira CHEW bayan karatun shekara 3, ko ƙaraminsa JCHEW mai shekara 2. Asalin aikinsu shiga gari ne: rigakafi, wayar da kai kan tsafta, bibiyar masu ciki da yara masu tamowa. Rashin nas da ungozoma ya zaunar da su a kan kujerar duba marasa lafiya, suna yin aikin da ba shi aka koya musu ba, shi kuma aikin cikin gari ya zama maraya.

A 2014 gwamnatin tarayya ta rungumi gaskiyar da ke ƙasa, ta fitar da manufar sauke wasu ayyuka daga manyan ma'aikata zuwa na ƙasa da su. Bisa wannan, CHEW da aka horar za ta iya karɓar haihuwa, ta ba da maganin tsayar da zubar jini, ta yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta babban asibiti, ta kuma sa ashanar tazarar haihuwa. Hikima ce, amma sharaɗinta horo. A nan ne nake da ƙorafi. Abin da muka saba kira horo shi ne bita: kwana uku a otal, jaka da biro, alawus, hoto, kowa ya watse. Sau da yawa ma wanda ya fi kusa da ofis ake turawa, ba wadda ke kwana a ɗakin haihuwa ba. Hannu ba ya ƙwarewa da kallon majigi. Sai an tsaya kusa da gwani an yi, an kuskure, an gyara, sannan wani ya riƙa zagayowa yana duba aikin. Gwamnati mai ci, ta bakin ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ta yi alkawarin sake horar da ma'aikata 120,000. Adadin ya burge, amma ni abin da zan so a riƙa ƙirgawa shi ne nawa daga cikinsu aka bi har wurin aikinsu bayan wata shida.

Shi Pate ɗin ya san inda gizo ke saƙa, domin yana shugabantar NPHCDA lokacin da aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009. An ɗebi kusan 2,500, sababbin fitowa da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka rarraba su hurhuɗu a asibitoci. Yarjejeniyar ita ce tarayya ta biya kasonta, jiha ta cika, ƙaramar hukuma ta ba da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika nasu ba. Yarinyar da aka kai garin da ba ta jin yarensu, ba ɗaki mai kyau, ba wuta, alawus kuma sai an ga dama, me zai zaunar da ita? Da yawa sun tattara sun koma.

Shi ya sa na fi gamsuwa da hanyar da aka gwada daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe da tallafin Birtaniya. Maimakon a kawo baƙuwa, sai gari ya zaɓi 'yarsa, ko da matar aure ce mai goyo, a ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakon kimiyya da Turanci, sannan ta shiga makarantar ungozoma ko ta nas, da alkawarin za ta dawo ta yi wa mutanenta aiki. A yankin da maigida kan hana matarsa zuwa awo idan namiji ne zai duba ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Habasha ma da haka ta ci riba: ta ɗauki mata fiye da 30,000 daga garuruwansu, ta horar da su shekara guda, ta ajiye biyu a kowace gunduma, kuma ta sa su cikin tsarin albashin gwamnati.

Wannan batu na albashi shi ne ya fi yi mana cikas. Makarantunmu na gwamnati da na kuɗi suna yaye ɗalibai duk shekara, amma jihohi kan shafe shekaru ba su ɗauki sababbin ma'aikata ba, na da kuma suna ta yin ritaya. Sai ka tarar da mai takardar shaida tana aikin sa-kai shekara da shekaru tana jiran a tuna da ita, yayin da ma'aikatan da ke kan albashi suka cunkushe a asibitocin cikin birni saboda kowa na da wanda ya tsaya masa. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, amma rabon da aka yi musu ya ƙara tsananta shi.

Ga kuma sabuwar tambaya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. A jihohi da yawa, daga wannan kuɗin ake cire albashin ma'aikatan asibitocin karkara a miƙa wa hukumar jiha. Idan kuɗin ya koma hannun ciyamomi, dole a zauna a rubuta ƙarara wa zai ɗauki ma'aikaci, wa zai biya shi, wa kuma ke da ikon tura shi ƙauye ya zauna.