Ƙwaro ba shi da hanci, to da me yake jin ƙanshin wake?

Duk ɗan kasuwar da ke sayen wake a Mindif ya kai Marwa ko Garwa ya san wannan asarar: ka ajiye buhu lafiya lau, bayan wata uku ka buɗe, sai huji da gari. To wai da me ƙwaro ke gane inda abincinsa yake?

Sirrin yana kan 'yan ƙahonni biyun da ke kansa. A jikinsu akwai siraran gashi, kowane da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Shi ƙanshi ƙwayoyi ne ƙanana da iska ke ɗauka. Idan ƙwaya ta shiga ƙofar, akwai wani furotin a ruwan cikin gashin da ke ɗaukarta kamar ɗan dako, ya kai ta bakin jijiya. A can akwai wani furotin mai karɓa, tare da abokin aikinsa da masana ke kira Orco. Da ƙwayar ta zauna a gurbinta, sai su buɗe hanya, saƙon lantarki ya wuce ƙwaƙwalwa. Shi ke nan, ƙwaro ya juyo.

A 1999 aka fara gano waɗannan masu karɓar a jikin ƙudan 'ya'yan itace. A 2021 kuma masana a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka nuna yadda sinadarin ƙanshin kanumfari da maganin sauro DEET ke zama a gurbi ɗaya a jikin mai karɓa na wani ƙwaro. Ashe makulli ɗaya, mabuɗai da yawa.

Sai dai a kula, 'yan uwa. Ƙwaron wake tun daga gona yake zuba ƙwai, ya biyo kaya har sito. Ɓoye ƙanshi kaɗai ba ya raba ka da shi. Shi ya sa masana cibiyar IRAD ta Marwa da na Jami'ar Purdue suka ɓullo da dabarar buhu mai ruɓi uku, wanda yanzu ake kira PICS. Leda biyu na ciki suna hana iska shiga, na ciki ya mutu, na waje ya rasa hanya.

Don haka a shanya wake ya bushe sarai, a duba leda kada ta huje, a ɗaure kowane ruɓi daban. Rigakafi ya fi magani, kuma wake mai tsabta shi ke da farashi idan damina ta matso.