Kiwon Injin Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska

Manomin da ke zaune a tsibiri ba shi da jaki ko mota da za su kai amfanin gonarsa babbar kasuwa, sai jirgin ruwa. Haka abin yake a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, a tsibirin Zanzibar da na Pemba inda ake noman kanumfari da kwakwa, da kuma Lamu ta ƙasar Kenya. Tun zamanin da, jiragen katako masu babban ƙyalle su ne ke yi musu dako. Mutanen wurin suna kiran babban jahazi, ƙaramin kuwa mashuwa. Ɗan'uwansu na Bahar Maliya shi ne sambuk, irin wanda ya riƙa ƙetarar da alhazan ƙasar Hausa masu bin ƙasa, daga Sawakin zuwa Jidda.

Iska ce dokin waɗannan jirage. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, daga Afrilu kuma ta juyo ta kudu har wajen Satumba. Amma iska ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wata rana sai ta ɗauke cak, jirgi ya tsaya da ayaba da ɗanyen kifi suna ruɓewa a cikinsa. Saboda haka masu jirage da yawa suka kafa injin gas a ciki don ya taimaki ƙyalle. To, wanda ya sa inji ya huda jirginsa ke nan da hannunsa, gama sandar ƙarfen da ke juya farfela tilas ta fita ta wani rami, ramin nan kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Ran da aka yi sakaci da shi, ta nan teku za ta shigo, ta ci jirgi da buhunan mutane.

Ga yadda abin yake a jere. Inji yana juya giya, giya tana juya sanda, sanda ta ratsa bututu ta fita bayan jirgi, farfela tana bisa kanta. A ƙananan jirage kaurin sandar bai cika wuce inci 1 zuwa 1½ ba, ana yin ta da tagulla ko farin ƙarfe mara tsatsa.

A bakin bututun daga ciki akwai wani ɗan gida na tagulla mai babban noti. A cikinsa ake cusa igiya mai kusurwa huɗu wadda aka jiƙa da kitse, a yanka ta zobe-zobe, galibi guda 3, a kewaye sandar da su. Ba a jera mahaɗin zobban wuri ɗaya, sai a karkasa su, don kada ruwa ya sami hanya miƙaƙƙiya. A nan ne sabon shiga yakan yi ɓarna. Da ya ga ɗigo sai ya ɗauki sifana ya ɗaure noti tam, yana tsammani ya yi gwaninta. Ashe ɗigon nan shi ne ke sanyaya igiya. Abin da ake so, in sanda tana juyawa a ga ɗigo 2 ko 3 a minti guda, in ta tsaya kuwa ɗigon ya ɗauke ko ya kusa ɗaukewa. Bayan an yi tafiyar rabin sa'a sai a tsai da inji a dafa gidan da tafin hannu. In hannu ya iya zama a kai, lafiya. In ya yi zafin da ba ya taɓuwa, an matse da yawa, igiya tana ƙonewa, tana kuma cin sandar tana yi mata kwari. Sandar da ta yi kwari kuwa ko an sa mata sabuwar igiya ba ta daina yoyo, sai dai a sake ta, kuma ba ta da araha. In an ɗaure noti har ƙarshen zarensa ruwa bai tsaya ba, igiya ta mutu. A zaƙulo tsohuwar duka da ɗan ƙugiya, kada a ɗora sabuwa bisa tsohuwa.

Daga waje, dab da farfela, sandar tana kwance cikin wani bututun roba mai tsaga-tsaga. Wannan ba ya shan giris, ruwan teku da ke bi ta tsagogin shi ne mansa. In an ja jirgi tudu, ko ruwa ya janye ya bar shi bisa yashi, sai a kama farfela a girgiza ta sama da ƙasa. In aka ji tana ƙwas-ƙwas, robar ta cinye. A kuma duba ko zaren kamun kifi ko guntun koma ya nannaɗe a wurin, gama zaren roba yana toshe tsagogin, ya hana ruwa shiga, robar ta ƙone.

Abin da ya fi kashe robar nan da wuri shi ne rashin daidaito tsakanin inji da sanda. Inda suka haɗu akwai faifai biyu na ƙarfe da ake ɗaurewa da noti. Makaniki yakan kwance notin, ya haɗa fuskokin faifan, ya zura ma'aunin tsaga sama da ƙasa, dama da hagu. Ƙa'idar ita ce, ga kowane inci 1 na faɗin faifai, bambanci kada ya wuce kashi 1 cikin 1,000 na inci. Watau faifai mai faɗin inci 4 an yarje masa kashi 4 cikin 1,000, kimanin kaurin takardar rubutu guda ke nan. In ya wuce haka, sai a ɗaga ko a sauke ƙafafun inji kaɗan-kaɗan har fuskokin su zauna. Ba a ja sanda da ƙarfin noti don ta bi inji. Kuma ba a yin wannan awo jirgi yana tudu, domin katako yana sake zama in ya sha ruwa. Sai ya kwana biyu bisa ruwa tukuna. Mai injin niƙa da mai injin ban ruwa a fadama sun san irin wannan ciwo: in inji da famfo ba su kalli juna sosai ba, sai girgiza, sai cin boris, sai karyewar ƙarfe ana tsakiyar aiki.

Akwai wani hatsari da ba a cika tunawa da shi ba. In ƙusoshin da ke riƙe sanda cikin faifai suka saki, ran da aka sa giyar baya farfela na iya zare sandar ta fice da ita, ta bar rami a buɗe. Don haka ake ɗaure kawunan ƙusoshin da waya, ana kuma rataye turken katako mai tsini kusa da wurin, wanda za a buga a toshe ramin nan da nan.

Giya ba ta da yawan fitina. Yawancinta tana rage gudu ne wajen rabi, inji ya juya sau 2 farfela ta juya sau 1. A duba manta kowane mako. In ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga. In yana warin ƙuna, faifan kulocinta suna zamewa. Ba a sa giya sai an sauke inji ya koma gudunsa na ƙasa. Batun ko a bar farfela ta yi ta juyawa sa'ad da ake tafiya da ƙyalle, ko a kulle ta, wannan ya danganta ga irin giyar, sai a bi littafin maƙeranta. Kuma duk sa'ad da aka ta da inji a leƙa a ga ruwa na fita tare da hayaƙi. In babu, a kashe, ƙila ƙafafun robar famfon sanyaya inji sun karye.

Sai maganar gishiri. In ƙarfe iri biyu suna haɗe cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan, wuta 'yar kaɗan tana gudana tsakaninsu, mai raunin yana narkewa. Farfelar tagulla bisa sandar farin ƙarfe haka suke. Maganin shi ne a ɗaura wa sanda ƙawanyar tutiya, watau ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi. Tutiya ta fi su duka rauni, sai gishiri ya bar su ya kama cinta. Wani masani Bature, Humphry Davy, shi ya gwada wannan dabara a 1824 a kan jan ƙarfen da ake lulluɓe gindin jiragen yaƙin Ingila da shi. Jan ƙarfen ya daina cinyewa, amma sai ciyawar teku da ƙananan katantanwa suka sami wurin zama, domin dafin jan ƙarfen da ke korarsu ya daina fita, har sojan ruwa suka yar da abin. A kan sanda da farfela kuwa dabarar ta zauna har yau.

Tutiyar nan ba a shafa mata fenti, kuma sai an kankare sanda ta yi ƙyalli kafin a ɗaura. In ta cinye rabi a sake ta. Wadda ta shekara sumul ba abin murna ba ce, alama ce ba ta taɓa ƙarfe sosai ba, wani abu ne ake ci a madadinta. Farfelar da ta soma yin ja-ja, in an ƙwanƙwasa ba ta amo, ta riga ta ruɓe daga ciki. Masu jirage a Kwara wajen Yawuri, ko a Tabkin Cadi, su lura: a ruwan daɗi tutiya takan yi ɓawo ta daina aiki, can maganiziyam ake sawa, ko alminiyam da aka haɗa musamman don wannan aiki.

Kayan lantarki kuwa duk ransu yana ga batir. Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta, ma'auni yakan nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya sha rabi, kuma yawan barinsa ya wuce nan yana gajarta kwanansa. In inji yana aiki a ga wajen 14, in ba haka ba a duba bel. Mai hankali yakan ajiye batir biyu, ɗaya na ta da inji kaɗai, ɗaya na fitila da rediyo, don kada hirar dare ta hana tashi da asuba. Ruwan batir ake ƙara masa, ban da na rijiya. A goge kawunansa a shafa basilin. Wayar gini mai silli ɗaya ba ta jirgi ba ce, girgiza tana karya ta. Mai silli da yawa ake so, wadda aka shafe da kuza, a sa fis dab da batir, a ɗaga kowane mahaɗi sama da inda ruwan cikin jirgi ke kaiwa. Wayar da ta saɓule ta kwanta cikin ruwan nan tana iya aika wuta ta sanda, ta cinye farfela cikin 'yan makonni, aikin da gishiri shi kaɗai zai shekara bai yi ba.

Na'urar GPS, wadda tsarinta na Amurka ya kai ga cikakken aiki a 1995, tana nuna wa matuƙi inda yake ko da dare. Ma'aunin zurfi yana aika amo ƙasa ya jira dawowarsa, amo kuwa yana gudun wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin teku. Idonsa da ke gindin jirgi in katantanwa ta rufe shi sai ya yi ta ƙarya, a goge shi da tsumma, ban da wuƙa. Rediyon jirgi yana da tasha ta 16, ita ce ta neman agaji a tekunan duniya, ba a hira a kanta. Yawancin lalacewar waɗannan na'urori a mahaɗin waya take, inda gishiri ya yi kore, ba a cikin akwatin ba. A fara dubawa can kafin a kai wa mai gyara. Kamfas da taswirar takarda da igiya mai dalma ta awon zurfi su kuwa a bar su cikin jirgi, a wurin da ruwa ba ya kaiwa.