Me ya haɗa majeman Challawa da na'urar hoton ciki?

Kamfanonin jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ba sa kiwon ko akuya ɗaya, amma cinsu da shansu na rataye ne da garken karkara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko domin ta can ayarin Sahara ke bi da ita a da, har yau ana jeme ta a Kano a tura Italiya da Sifaniya da Sin. Ranar da garke ya ragu, injin jima ma sai ya yi sanyi. Shi ya sa nake ganin masu waɗannan kamfanoni na da ruwa da tsaki a kasuwar na'urorin ɗaukar hoton cikin jikin dabbobi, ko da yake ba su ɗauke ta tasu ba.

Tun 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, likitocin dabbobi ke aron kayan aikin asibitin mutane. Yau kamfanoni irin su IDEXX na Amurka da Esaote na Italiya da Mindray na Sin suna ƙera na dabbobi zalla. Kaso mai tsoka na kuɗin wannan kasuwa daga karnuka da kyanwoyi da dawakin sukuwa na ƙasashe masu arziki yake fitowa, inda har inshorar lafiya ake yi wa kare, a kuma saka shi a injin MRI. Wannan ba sahunmu ba ne, ga tsada, ga buƙatar wutar da ba ta yankewa, alhali masana'antun Challawa kansu da janareto suke cike giɓi. Abin da ya dace da mu shi ne ƙaramar na'urar sikanin mai batir. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin jikin dabba, sautin ya bugi gaɓoɓi ya dawo, ita kuma ta mai da shi hoto. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, na'urar kuwa tana nuna ɗan tayi tun cikin bai kai wata biyu ba, lokacin da hannun gwanin mahauci ma ba zai tattaɓo komai ba.

Binciken da likitocin dabbobi suka sha yi a mayankan Arewa ya nuna ana yanka awaki da tumaki da shanu masu juna biyu da yawa, sai an farke ciki a ga tayi. Jar akuya kuwa ta saba haifar tagwaye, wato wuƙa ɗaya ta cinye fatu biyu da Challawa za ta saya nan gaba, ban da zuri'ar da za su bari.

Wani zai ce abin da ke ɓata fata a fili yake, kaska da kirci da ƙazuwa da lalas da yankan wuƙa wajen fiɗa, ga kuma masu ganda da ke rigan majema sayen ƙirgi, duk babu mai buƙatar hoto. Gaskiya ne, kuma da kuɗi ɗaya ne a hannu, riga-kafi zan fara saya. Sai dai waɗancan ingancin fata suke taɓawa, yankan masu ciki kuwa yawanta yake ragewa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne makiyayi bai sayar don jahilci ba, matsin rani ne ko kuɗin magani ya kai shi kara. Amma shi ɗin ma riba zai ci, domin akuyar da aka tabbatar tana da ciki ta fi daraja a wurin mai neman kiwo a kan wurin mahauci. Saboda haka a kasuwannin dabbobi irin su Wudil da Maigatari ya kamata a yi gwajin, kafin a tafa ciniki, don a ƙofar kwata an riga an biya kuɗi, mahauci ba zai yarda da asara ba.

Masu riƙe na'urar ba za su yi wuyar samu ba, tunda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna yaye likitocin dabbobi, an kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Kuɗin sayen na'urar da albashin mai aiki da ita ne ya kamata majeman Challawa su haɗa hannu su ɗauki wani kaso.