Ko Ka Sani? Rabin Cokalin Shayi Kan Zaunar da Jirgin Sama

Bakanike a Ƙanƙara ko Faskari, in ya juye baƙin man mota a yankakken galan, yakan tsoma yatsu biyu ya murza. Da ya ji yashi-yashi, ko ya ga man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, injin nan ya fara cin kansa." Tsohuwar filta kuwa bola ake wurga ta, ba mai sake waiwayarta.

Masu gyaran ƙananan jiragen sama ba sa yar da filta sai sun feɗe ta. Kuma ba nesa ake wannan sana'a ba: a Zariya akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, wadda ta daɗe tana koyar da ɗalibai da ƙaramin jirgin nan Tampico TB-9 ƙirar Faransa. Injinsa na kamfanin Lycoming ne na Amurka, mai silinda huɗu. A ƙa'idar kamfanin, duk awa 50 na tashi a canza mai. Sai a yanke gwangwanin filtar da wani mayanki mai kama da mabuɗin gwangwanin tumatir, ba da zarto ba, don zarto zai zuba nasa garin ƙarfen ya ɓata shaida. A zaro takardar ciki mai ninki-ninki, a miƙe ta a rana, a bi ta lungu-lungu.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne ma'aunin hukuncin. Inji ne na miliyoyin naira, amma da cokalin shayi ake yi masa shari'a! Lycoming ya rubuta wa kanikawa cewa in ɓurɓushin bai kai goma ba, kuma kowanne bai kai ƙwayar gero ba, jirgi ya ci gaba da tashi. In ya kai goma zuwa ashirin, a sake dubawa bayan awa 25. Daga ashirin zuwa arba'in, awa 10 kawai aka ba shi. In an ga gutsure kamar karyayyen bakin fensir, ba tashi sai an gano inda ya fito. In kuwa garin ya cika rabin cokalin shayi, galibi sai dai a sauke inji. Rabin cokali fa, abin da mai shayi ba zai ma lissafa ba in sukari ne.

To daga ina ƙarfen ya ɓalle? Mayen ƙarfe ake fara ɗaukowa, irin wanda yara ke cirowa daga tsohuwar sifika. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, sai a zargi kamshaf, ko ringi, ko bangon silinda. Mai launin tagulla daga bushin yake. Baƙi wanda ya murƙushe a yatsa gawayi ne kawai, ba abin tashin hankali ba. Saura fari mai ƙyalli wanda maye ya ƙi, a nan ne soda ke shigowa, ita dai sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. A ɗiga ruwanta a kan ɗan ɓurɓushin. In ya hau kumfa yana narkewa, alminiyam ne, dangin tukunyar dalma, sai hankali ya koma kan fistin.

Wanda ido bai iya gani ana aika samfurin man ɗakin gwaji. Can in sinadarin silikon ya yi yawa, an san ƙura ce ke satar hanya ta filtar iska, abin da duk mai janareta ya sani da hunturu.  Yawancin jirage masu saukar ungulu kuwa ba sa jiran feɗe filta: akwai toshi mai maye a cikin mansu, ɓurɓushi na taruwa a kansa fitila za ta kama a gaban matuƙi.

Mai karatu zai zaci jirgin da ke shan aiki kullum shi ya fi zubar da ƙarfe. Sau da yawa na ajiye ne. A injin Lycoming kamshaf a sama yake zaune, don haka in jirgi ya yi makonni a rumfa man ya tsiyaye ƙasa, raɓar damina ta sauka, tsatsa ta kama. Ranar da aka tayar da shi, tsatsar nan ita ce ke kankare ƙarfen kamar sanfefa. Shi ya sa kamfanin ya ce ko awa 50 ba ta cika ba, wata huɗu na yi a juye man.