Idan Aikin Maigida Ya Tsaya: Yadda Uwargida Za Ta Riƙe Gida

A wannan wata za mu taɓo wani al'amari da ba a cika son faɗarsa a fili ba, alhali yana cin gidaje da dama a Birnin Kebbi da Argungu, wato ranar da maigida zai dawo da takardar sallama daga wurin aiki.

Abin ba sabo ba ne. A 2005, lokacin da aka haɗe bankunan ƙasar nan daga 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa sun wayi gari ba aiki. Sai dai na yanzu ya fi ciwo, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Gidan da yake da albashi ma yana ji a jika, balle wanda aka yanke masa.

A fara da zama da alƙalami

Uwargida, makon farko ba na gori ba ne. Namijin da ya rasa aiki ya riga ya karaya, kalma ɗaya mai zafi daga bakinki tana iya rusa zaman shekara goma. Ki bari ya natsu, sannan ku zauna ku biyu ku rubuta abu uku: abin da ke hannu, bashin da ake bin ku, da abin da gidan ke ci a wata. Mata da yawa ba su san tiya nawa ta shinkafa suke dafawa a wata ba sai ranar da suka rubuta.

Ki kuma tuna masa haƙƙinsa. Dokar fansho ta 2014 ta ba ma'aikacin da ya rasa aiki, kuma ya yi wata 4 bai sami wani ba, damar neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Idan kuɗin sun fito, kada a taɓa su da sunan hidima. A raba su: kuɗin haya, hatsi, sai jari.

Wajibi daban, sha'awa daban

Abinci, muhalli, magani da karatun yara su ne a gaba. Sauran duk suna iya jira. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna cewa kowa yana ciyarwa ne gwargwadon abin da Allah Ya hore masa, don haka ba zalunci ba ne idan maigida ya rage kuɗin cefane a irin wannan hali.

Mu nan Allah Ya yi mana gata da fadamar Rima. Shinkafar da kamfanin Labana a Birnin Kebbi da na WACOT a Argungu suke gyarawa ana kai wa kudu, a bayan gidajenmu ake noma ta. Ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku ku sayi buhun shinkafar gida da kaka, ko lokacin girbin noman rani, ku raba. Sayen gwangwani-gwangwani kullum shi ke cinye kuɗi ba a sani ba. Albasa da tattasai da tumatir a saya lokacin da suka yi araha, a yanka a shanya. Nama ya yi tsada? Bandar kifi da daddawa da wake suna tsayawa a madadinsa, kuma yara ba za su rame ba. Gero da dawa su dawo kan murhu, a rage taliyar leda da lemon kwalba. Zogale, rama da yakuwa kuwa ko a tsohon buhu aka shuka su a tsakar gida za su yi.

Ki lura da ƙananan ƙofofi. Naira 500 da ake ba yara ta kayan kwalama kullum, a wata ta zama 15,000. Haka kuɗin data da na kabu-kabu. A haɗa aike wuri guda a fita sau ɗaya. A jiƙa wake tun dare don ya rage cin gawayi.

Biki da anko

Nan ne gizo ke saƙa. Mace za ta iya haƙura da nama, amma ba ta iya haƙura a ce ba ta yi anko ba. 'Yar uwa, zumunci a ƙafa yake. Ki je da kayan da kike da su, ki kama aiki, ki ba da abin da ya sauwaƙa. Wadda za ta yanke ki don ba ki ɗinka atamfa ba, da ma can ba taki ba ce. Idan kuma kina cikin adashi, ki sami uwar adashi tun kafin ranar zubi ki gaya mata gaskiya, a rage miki hannu ko a dakatar.

Hattara da bashin ruwa

Manhajojin bashi na waya suna ba da kuɗi cikin mintuna, amma riba ce, wadda Allah Ya haramta, kuma sau da yawa idan aka makara sukan bi lambobin 'yan uwa da saƙon cin mutunci. Gara a nemi rance mai kyau wurin ɗan uwa, a rubuta, a sa shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar. Mai shago da mai gidan haya da shugaban makaranta kuma a same su tun wuri a nemi lamuni. Ɓuya ita ke ɓata amana. Idan kuɗin makarantar kuɗi ya gagara, a mayar da yaro ta gwamnati, ya fi zaman gida. Islamiyya dai kada a cire shi.

Dukiyarki da ladarki

A shari'a ciyarwa nauyin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce, ba mai tilasta ta. Amma ya tabbata a Bukhari cewa Zainab, matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), ta tambaya game da ciyar da mijinta, aka yi mata albishir da lada biyu: na sadaka da na zumunci. Idan kina ƙuli-ƙuli, ɗinki, turara shinkafa ko kiwon awaki, ki tallafa daga riba, kada ki ci uwar kuɗi. In za ki sayar da ɗan kunnen zinare, to ya zama jari ne, ba cefane ba. In kuwa rance kika ba maigida, ku fayyace tun farko don gudun rigima gobe.

Shi ma ki ƙarfafa masa gwiwa kada ya raina sana'a. Abdurrahman ɗan Auf (RA) ya isa Madina ba shi da komai, hanyar kasuwa kawai ya nemi a nuna masa. Noman rani, dillancin hatsi ko koyar da darasi da yamma, duk sun fi zaman majalisa ana jiran kira.

Yara manya a gaya musu daidai hankalinsu, ba tare da an zubar da girman mahaifinsu ba. Sirrin gida kuma ya tsaya a gida, ban da wanda zai iya taimako.

Allah Ya buɗa wa mazajenmu ƙofofin halal, Ya sanya albarka a ɗan abin da ke hannu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.