Ƙwaya Biyu Don Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

A Ƙofar Marke, kamar sauran unguwannin Sakkwato, in mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, akan ce iska ce ta buge shi. Sai a kawo hayaƙi da shafe-shafe, kwana uku su wuce. Muna so masu karatu su san abin da ke ɓacewa cikin kwanakin nan.

Sau da yawa gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Wanda abin ya taɓa shi sama-sama yana cikin hatsari ƙwarai, gama babban yakan biyo baya a makonnin farko. Likitoci sun daɗe suna ba da asfirin. Sai suka ce, in aka haɗa shi da wani maganin fa?

An gwada a ƙasar Sin, aka bayyana sakamakon a 2013. Mutum 5,170 ne, dukansu an fara musu magani kafin awa 24 ta cika. Rabi sun sha asfirin kaɗai, rabi kuwa asfirin da kulofidogirel tare har kwana 21. Cikin wata uku ciwon ya komo wa wajen 12 cikin 100 na masu asfirin kaɗai, amma wajen 8 ne na masu ƙwaya biyu. Wani gwajin da Amurka ta jagoranta, na 2018, ya ci gaba da haɗin har kwana 90. Ya yi amfani, amma zubar jini mai tsanani ta ninka. Don haka likitoci sukan tsaya wajen mako uku.

Kada wani ya ji wannan ya ruga kemis! Akwai shanyewar da fashewar jijiya ce ke kawo ta, asfirin kuwa ƙara mata zubar jini yake yi. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 hawan jini ne babban tushen ciwon a wurinmu.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari. A kai majinyaci ran nan, ko da ya ce ya ji sauƙi. Mai rakiya kuwa ya riƙe lokacin da abin ya soma, gama likita zai tambaya.