Ƙudan zuman da ke yanka ganye ba maɓarnaci ba ne

A Ambassatna da sauran unguwannin N'Djamena, mai shuka a tsakar gida kan wayi gari ya tarar an yanke gefen ganye a zagaye, kamar da almakashi. Sai ya ɗauko maganin feshi, yana zaton tsutsa ce. Alhali aikin wani ƙudan zuma ne da masana ke kira Megachile, mai nau'i sama da 1,500 a duniya.

Ba ya zaman amya, ba shi da sarauniya, ba ya yin zuma. Macen ita kaɗai ke aikinta: ta nemi rami a azara, kara ko katangar laka, ta jera gutsattsarin ganyen ta yi ɗakuna. A kowane ɗaki ta zuba garin fure da ruwan zaƙinsa, ta saka ƙwai ɗaya, ta rufe. Ba cin ganyen take yi ba, shukar ma ba ta mutuwa.

Wajen tara garin nan a ƙasan cikinta take barbarar furannin wake, ya ƙara yin 'ya'ya. A Kanada da Amurka har kiwon wani nau'insa ake yi saboda gonakin alfalfa. Ba kasafai take harbi ba. Wanda ya yi mata feshi, mai taimakon manomi ya kashe.